An bar min saiwar haƙori a cikin muƙamuƙi da gangan, ga yadda aikin ya kasance a Kumasi

Salamu alaikum jama'a. Sama da shekara ɗaya kenan da aka min aikin haƙori a wani kilinik mai zaman kansa anan Kumasi, kuma har yanzu in na fito masallaci a Aboabo sai wani ya tare ni yace wai da gaske ne rabin haƙorinka yana ciki, toh shine nace bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Bazan sa sunan wurin ba saboda akwai abubuwan da zan faɗa da basu min daɗi ba, wanda yake son zuwa ya same ni a shago in masa kwatance. Amma tun daga farko in faɗa, aikin kansa na gamsu dashi ɗari bisa ɗari, kuma da za'a maida ni baya shi zan sake zaɓa.

Haƙorin da ake magana shine turmin ƙarshe na ƙasa, na can ƙurya, wanda yake fitowa bayan mutum ya girma, yawanci tsakanin shekara 17 zuwa 25. Nawa na gefen dama bai samu wurin fita ba, sai ya karkace ya jingina da na gabansa, ɗan kansa kaɗai ya leƙo, sauran duk dasashi ya rufe. Ƙarƙashin wannan ɗan naman da ya rufe shi abinci yake shiga, aswaki baya kaiwa buroshi baya kaiwa, sai wurin ya kumbura yayi ta wari, wani lokacin har ruwa-ruwa mai ɗaci nake ji yana fita in na danna da harshe. Shekara kusan uku ina fama, ya zo ya tafi. Kanumfari na sa, ruwan gishiri na yi, kemis ɗin layinmu kam har ya san abinda nake zuwa saye. Ana saura kwana kaɗan azumin 2024 ya tashi da gaske, kumatu ya haye, baki ya ƙi buɗuwa, yatsa biyu basa shiga tsakanin haƙorana, haɗiyar yawu ma sai na runtse ido.

Abinda ya hana ni zuwa a cire tun da wuri ba kuɗi bane kuma ba tsoron allura bane. Yayata ce. Babbar yayarmu wadda muke ciki ɗaya an cire mata irin wannan haƙorin shekaru da yawa da suka wuce a wani gari, tun daga ranar rabin leɓenta na ƙasa da haɓarta ta gefen hagu basu sake dawowa daidai ba. In ka ganta bazaka gane komai ba, bakinta bai karkace ba, tana magana tana dariya kaman kowa. Amma ka zauna kusa da ita da safe tana shan koko, sai kaga ya ɗan gangaro ta gefen leɓe ya sauko haɓa ita bata sani ba, sai 'yarta tace Mma goge nan. Kullum da hankici a hannunta in zata ci abinci a gidan biki ko suna, tana ci tana dangwala haɓa ko da babu komai a wurin. Sau nawa tana cizon leɓen sai taga jini sannan ta gane. Wallahi wannan abin yana taɓa ni, mace mai tsafta da son mutane ta koma tana jin nauyin cin abinci cikin jama'a. Ni kuma da rana ɗinki nake, da yamma ina karantar da yara Alƙur'ani, haruffan ba da mim da waw duk a leɓe suke, sai nake tunanin yaya zan nuna ma yaro yadda ake haɗe leɓe in ni kaina bana jin nawa.

Ciwon ne ya fi ƙarfina na tafi. Wani abokina direban pragya, keken haya mai ƙafa uku, shi ya kai ni, yace an yi ma matarsa ciko a wurin kuma hannun likitan da sauƙi.

Wurin da tsafta, wannan kam babu magana. Kayan aiki a cikin leda a rufe ake kawo su a buɗe a gabanka, likita ya canja safar hannu a idona. Amma jira, kai jama'a. An ce min in zo ƙarfe tara, ban ga likita ba sai bayan azahar, kuma ba wanda ya zo yace mana ga dalili, kana zaune da kumburarren kumatu talabijin tana ta ihu a kanka. Matar da ke kan tebur ɗin karɓan mutane in ka tambaye ta sai tace yana zuwa, ko ɗago kai bata yi. Wannan shine abu na farko da na riƙe musu.

Da na shiga kuwa sai komai ya canja. Likitan ba Bahaushe bane, da turanci da Tiwi yake magana, amma nas ɗin da ke taimaka masa 'yar zango ce daga Asawase, duk inda na ɗan yi shiru sai ta juya min da Hausa, Malam abinda yake nufi kaza ne. Ya duba yace yau ba'a taɓa haƙorin nan, sai kumburin ya sauka tukunna. Ya wanke ƙarƙashin naman da wani ruwan magani a sirinji, ya rubuta min maganin kashe ƙwayoyin cuta da na rage zafi, sannan yace a ɗauki hoton baki gaba ɗaya, irin wanda na'urar take zagaye kanka kana cije da wani ɗan roba.

Hoton nan shine ya sa nake rubutun nan. Ya juyo min da fuskar kwamfuta ya kama biro yana bi min. Yace kalli nan, a cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa akwai wata hanya kaman bututu, daga can baya take tahowa ta bi ƙarƙashin haƙora ta fito ta wani ɗan rami wajen haɓa, a cikinta jijiyar da take sa ka ji leɓenka na ƙasa da haɓarka take kwance. A hoto bututun yana fita kaman layi fari guda biyu a jere. A gefen hagu nawa layin biyu suna tafiya lafiya lau nesa da haƙori. A gefen dama kuwa, daidai inda saiwar turmin take, farin layin na sama ya ɓace, kuma saiwar tayi duhu a daidai wurin kaman an gifta mata inuwa. Yace waɗannan alamu ne da likitocin haƙori suke nema, layi ya katse, saiwa tayi duhu, ko bututun ya kauce hanya, in an gansu to akwai yiwuwar saiwa da jijiya suna manne. Ban ce komai ba sai na bashi labarin yayata. Ya saurara har na gama bai katse ni ba, sannan yace abinda ya same ta kenan, kuma ya gyara min wani abu da na daɗe ina ɗauka ba daidai ba, wai wannan jijiyar ta ji ce kawai, ba ita take motsa leɓe ba, shiyasa bakin yaya bai karkace ba. Yace mafi yawan waɗanda jijiyar ta taɓu suna warkewa cikin makonni ko watanni, kaɗan ne abin yake zame musu na dindindin, amma in kana cikin kaɗan ɗin nan ai ba ruwanka da lissafi.

Sai yace yana so in yi hoto na biyu, wanda ake kira CBCT, shi yana nuna ƙashin ta kowane gefe yanka-yanka, saboda hoton farko a shimfiɗe yake, abu biyu suna iya hawa kan juna a hoto alhali a cikin ƙashi ɗaya yana gaba ɗaya yana baya. Su basu da na'urar, sai da na je wani wuri daban, kuma kuɗinsa ya fi na hoton farko nesa ba kusa ba. A lokacin na ji haushi, na ɗauka irin haɗin bakin nan ne na tura ka wajen abokinsu. Da na dawo da shi muka kalla tare sai na yi shiru, saboda ko ni da ban karanta likitanci ba na ga jijiyar a kwance cikin wani ɗan kwari a jikin saiwar, babu ƙashi ko kaɗan a tsakaninsu.

Anan ne ya kawo maganar aikin da ake kira koronektomi. A Hausance dai yanke kan haƙori ne a bar saiwa. Bayaninsa mai sauƙi ne: abinda yake damunka kan haƙorin ne, shi ya tokare na gaba, shi ya buɗe ƙofar da abinci da ƙwayoyin cuta suke shiga. Saiwar tana can ƙasa lafiyarta ƙalau bata ma kowa komai ba, kuma ita ce a manne da jijiya. To me zai sa a je a girgiza ta a fizgo ta ta kan jijiyar? Sai a yanke kan a cire, a rage saiwar ta koma ƙasa da bakin ƙashi kaman milimita 3 zuwa 4, a ɗinke dasashi a rufe, da lokaci ƙashi ya tsiro ya binne ta.

Gaskiya da farko hankalina bai kwanta ba, kuma na san duk ɗan zango da ya ji haka abinda zai fara zuwa masa kenan. Mu abinda muka sani shine in an cire haƙori aka bar guntu to an yi maka aikin banza, guntun zai ruɓe. Na faɗa masa haka kai tsaye. Yace akwai bambanci tsakanin ruɓaɓɓen guntu da ya karye aka bari don an kasa cirewa, da lafiyayyar saiwa mai rai da aka bari da niyya aka rufe ta ruf. Kuma bai ɓoye min sharrin abin ba, ya lissafa min: saiwar tana iya tasowa sama a hankali, musamman a shekarar farko, wasu 'yan kaɗan har ta leƙo ta dasashi ko ta kamu da ciwo sai an sake buɗewa an cire ta, sai dai a lokacin ta riga ta matsa daga jijiyar, cirewar tafi sauƙi. Sannan yace in ana cikin aiki saiwar ta motsa ta yi lako-lako, dole ne a cire ta gaba ɗaya a ranar, ba'a barin saiwar da ta girgiza. Ya sa na sa hannu a takarda cewa na fahimci wannan. Bai matsa min ba, yace in ina so a cire duka zai yi iya ƙoƙarinsa, in kuma ina son jin ta bakin wani likitan in ɗauki hotunana in je sashen haƙori na asibitin Komfo Anokye, akwai likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi a can. Mutumin da yake neman kuɗinka kawai bazai ce maka haka ba, a nan na fara yarda dashi.

Na koma gida na yi ta karatu a waya cikin daren azumi bayan tarawihi. Ashe ba sabon abu bane, wasu likitoci a Faransa ne suka fara rubuta shi tun 1984, sai a 2005 aka yi gwaji a Landan aka kwatanta shi da cirewa gaba ɗaya, aka sake wani babba a Hong Kong a 2009, duka biyun sun nuna taɓuwar jijiya ta ragu sosai in an bar saiwar. A na Hong Kong ɗin mutum 9 ne jijiyarsu ta taɓu cikin waɗanda aka cire musu duka, cikin waɗanda aka yanke kan kawai kuwa mutum 1. Wannan ya ishe ni. Na yi istihara na kira su nace bayan ƙaramar sallah.

Ranar aiki sun kiyaye lokaci, in ba su haƙƙinsu. Ba'a sa ni barci ba, allurar kashe wuri ce kawai, biyu a can ƙuryar baki ɗaya ta gefen kumatu, cikin minti kaɗan rabin leɓena da rabin harshe suka yi nauyi kaman ba nawa ba, sai na tuna haka yaya take kwana take tashi, hawaye ya zo min a kan kujerar, nas ɗin ta ɗauka zafi ne tace sannu Malam, a ƙara allura? Nace a'a. Ya tsaga dasashin ya ɗaga, ya ɗan rage ƙashi ta gefen kumatu, sannan ya fara yanka haƙorin a wuyansa da injin nan mai ƙara da fesa ruwa. Zafi babu ko ɗaya, amma ƙarar tana shiga har cikin kai, ga ƙauri kaman ana ƙona ƙaho, ga nas tana ta zuƙe ruwa da bututu. Abinda na lura dashi a matsayina na mai aikin hannu shine bai yi gaggawa ba kuma bai sa ƙarfi ba. Ya yanka ya tsaya ya duba, ya sake yanka, sai da ya kusa rabawa sannan ya sa wani ɗan ƙarfe siriri a tsagar ya murɗa kaɗan, naji ƙas, kan ya fita. Ya taɓa saiwar da tsinken ƙarfe yace ma nas bata motsi, ita kuma ta juya min, Malam alhamdulillahi ta zauna. Ya ƙara goge saman saiwar ya sauke ta ƙasa, yace dole duk farin ɓawon haƙori mai ƙarfin nan ya fita don ƙashi baya kama shi, ya wanke da ruwan gishiri mai yawa, ɗinki uku, ya cusa min auduga yace in cije. Duka-duka bai kai awa ɗaya ba. Ɗinkin kuwa da na duba a madubi bayan kwana biyu, tsaf yake, tazararsa daidai.

Sun ba ni kan haƙorin a cikin 'yar leda. Da na kai gida na nuna ma Inna ta juya shi a tafin hannu tace ina sauran? Na yi mata bayani da baki cike da auduga, tace kai yaron nan an kashe maciji ba'a sare kansa ba kenan, ka biya kuɗi an bar maka rabi. Ƙanina yace Inna ai kan ne ma aka sare. Bata gamsu ba sai bayan watanni.

Awannin da suka biyo baya sune mafi tsawo a wurina. Ina zaune a tabarma ina ta taɓa leɓe da yatsa, tun azahar har la'asar babu komai, kaman ina taɓa na wani. Wajen ƙarfe biyar sai naji wani ɗan tsikari kaman tururuwa suna tafiya a gefen baki, kafin magariba na ɗiga ruwan sanyi a haɓa na ji sanyinsa sarai. Na yi sujada a wurin. Zafin aikin ya taso a daidai lokacin amma wallahi ban damu dashi ba.

Jinya kuwa kaman ta kowane cire haƙori ce, kada wani ya ɗauka don an bar saiwa abin wasa ne. Kumburi ya fi yawa a rana ta biyu da ta uku, baki baya buɗuwa sosai kusan sati. Sun ce ranar farko kada in kuskure baki kada in yi ta tofar da yawu kada in sha abu da tsinken roba, don kada gudan jinin da ya toshe wurin ya fita, daga washegari sai ruwan gishiri mai ɗumi a hankali bayan kowane abinci. Koko mai sanyi-sanyi, fura da aka dama ta yi laushi, tuwo da miyar kuka ko ayoyo mai ruwa-ruwa, su na rayu a kai. Waken Hajiya na bakin titi da garinsa da taliyarsa sai da na yi sati biyu ban kusance shi ba, tsire da goro kuwa sun fi haka. Masu shan taba ku sani an hana sosai.

Ga abu na biyu da na riƙe musu, kuma wannan ya fi na jira ciwo. A rana ta biyar da dare sai wurin ya fara zogi da wari, na tsorata na ce shikenan saiwar ta ruɓe, maganar Inna ta tabbata. Lambar da suka rubuta min a kati suka ce in kira ko yaushe, na kira ta fi sau goma ba'a ɗauka ba, na tura saƙo ta WhatsApp shiru har gari ya waye. Mutumin da kuka bar ma abu a cikin ƙashi kuka ce masa ya sa ido, bai kamata ya kwana yana kiran waya babu mai amsawa ba. Da safe na je ba tare da an ba ni lokaci ba, likitan ya gan ni nan take, ya duba yace abinci ne ya maƙale a gefen ɗinki, ya wanke, bai karɓi ko pesuwa ba, kuma da na faɗa masa maganar waya ya ba ni haƙuri ya kira mai tebur ɗin a gabana ya tambaye ta. Zuwa yamma zogin ya tafi. An cire zare a rana ta bakwai.

Maganar kuɗi. Katin inshorar lafiya na NHIS bai yi min aiki a wurin ba, komai daga aljihu ne, ta MoMo na biya, wato tura kuɗi ta waya. Aikin ya fi cire haƙori na yau da kullum tsada sosai, in ka haɗa da hoto na biyu da magunguna da hotunan bibiya, abinda na samu a ɗinkin sallah na shekarar kusan duk can ya tafi. Abinda na so da sun yi shine su rubuta min jimillar tun ranar farko, sai ya zama kowane zuwa da sabon abin biya, ba wai sun cuce ni bane, kowanne da rasit, amma talaka yana son ya san inda zai tsaya kafin ya fara. In zaka je ka ce a lissafa maka duka har da hoton wata shida da na shekara.

Na koma bayan wata shida aka ɗauki ƙaramin hoto. Ya ɗora shi kusa da na ranar aiki, saiwar ta ɗan taso kaman milimita biyu, yanzu akwai 'yar tazara tsakaninta da layin jijiya, kuma a samanta an fara ganin hazo-hazon sabon ƙashi. A na shekara ɗaya bata ƙara motsi ba, ƙashin ya rufe ta. In na sa harshe a wurin yanzu dasashi ne sumul, ba rami ba wari, kuma bayan turmin da ke gabansa wanda da abinci yake maƙalewa ya huta.

Dan Allah kada wani ya karanta wannan ya je ya ce ma likita shima a yanke masa kai a bar saiwa. Ba kowa ake ma ba. Na ƙasa kawai ake ma, kuma sai wanda hoto ya nuna saiwarsa tana kan jijiya, in tana nesa cirewa gaba ɗaya shine daidai, an gama an huta. In haƙorin ya ruɓe har cikin ɓargonsa, ko yana girgiza, ko akwai ciwo a gindin saiwar, ba'a barin ta. Haka wanda sukarinsa bai daidaita ba ko garkuwar jikinsa ta yi rauni ko ake masa maganin daji, likita zai duba lamarinsa daban. Kuma akwai irin kwanciyar da haƙori yake yi a kan jijiyar wadda yankan kansa ma haɗari ne. Abinda nake roƙon 'yan uwa shine kada ku bari a taɓa muku turmin ƙarshe na ƙasa da ya maƙale ba tare da hoto ba, ku ce a nuna muku inda jijiyar take, ku tambaya da bakinku. Masu cire haƙori a lungu ko a kasuwa da filaya kam ba sai na ce komai ba. Wanda kuma aka ma irin aikina ya ajiye takardarsa da hotunansa, duk likitan haƙorin da ka je wurinsa nan gaba ka faɗa masa da gangan aka bar saiwar, kada ya gani a hoto ya ɗauka mantuwa ce ya ce zai tono.

Ranar hoton shekara ɗaya da yaya muka je, ita tace tana so ta tambaya ko akwai abinda za'a yi ma nata. Likitan ya zaunar da ita a kujerar, yace ta rufe ido, ya ɗauki 'yar auduga yana shafawa a haɓarta daga dama zuwa hagu yace duk inda ta daina ji ta ɗaga hannu. Yana tsallake tsakiyar haɓa ta ɗaga. Ya gwada da abu mai ɗan tsini, nan ma haka, sai wajen gefe ne tace tana jin kaman ana taɓa ta ta bayan zani mai kauri. Ya gaya mata gaskiya, gyaran jijiya a watannin farko ake gwada shi, bayan shekaru haka ba'a sa rai, ya nuna mata yadda zata riƙa duba cikin leɓen a madubi saboda cizo da ƙuna, bai karɓi kuɗin ganinta ba. Tace ba komai, Allah ya sa kaffara ce.

A cikin pragya muna komawa Aboabo bata yi magana ba har muka wuce Asawase, sai ta miƙo hannu ta ɗan matsa haɓata da yatsa biyu tace kana ji? Nace ina ji Yaya. Tace toh babban ɗana shima na ƙuryar nan ya fara damunsa, ranar Asabar kai zaka kawo shi, kuma kace a fara da hoton.